Tabarau Ɗin Jumai Mai Kitso

Jumai taubashiyata ce. Ubanta da uwata cikinsu ɗaya, ita 'yar namiji ni 'yar mace, shi ya sa tun muna ƙanana take kirana baiwarta, ni kuma ina ce mata Uwar Tsiya. Duk abin da zan faɗa a kanta a nan na riga na faɗa mata baki da baki, har da ƙari. Kada wani ya je ya ce Ramlatu ta zauna tana cin naman 'yar uwarta.

A zamanin da nake ba ku labari, in baƙuwa ta sauka a unguwarmu a Rano ta ce a kai ta gidan mai kitso, ba a tambayarta wacce. Kai tsaye za a kai ta gindin darbejiyar tsakar gidan Jumai, ta tarar da mata a kan tabarma, wasu na tsifa, wasu na jiran layi, ita kuwa gogar tana kan 'yar kujerarta ta matse kan wata baiwar Allah tsakanin gwiwoyinta tana zazzaga mata tsiya.

Ba gado ta yi ba. Wata Bafulatana ce mai kawo nono daga wajen Rurum ta koya mata, don in ta sayar da nononta a zauren su Jumai take hutawa kafin ta kama hanya. Jumai ta fara da gashin masara, da ta ga hannunta ya faɗa sai ta dawo kaina. Wayyo kaina! Na sha ja, na sha ranƙwashi, na yi kwanan rub-da-ciki don ƙeyata ba ta taɓuwa. In na kai ƙara wurin uwata sai ta ce, "Yo ba baiwarta ba ce ke?" Haka na haƙura har ta ƙware.

An yi mata aure a Kibiya da wani mutumin kirki mai sayar da gyaɗa. Allah ya yi masa rasuwa yaran suna ƙanana, ta kwaso su ta dawo Rano. Manema sun zo, ta ce ita aure ta gama, a bar ta da kan mata. Da tsinken kitso da mataji da 'yar kwalbar mai ta ciyar da yaran nan, ta aurar da matan, ta sa namijin a makaranta. Ta yi wa tsofaffi kitson doka lokacin da ake yayinsa, shuku, zane, kalaba, duk abin da ya shigo gari in ta gan shi sau ɗaya a kan wata, to ya zama nata. Amma abin da ya yi mata suna shi ne tsaga. In Jumai ta ja tsinke daga goshi zuwa ƙeya, kai ka ce magini ne ya ja zare. Mata sukan zo daga Yalwa da Saji su wuni a layi don tsagar nan kawai.

Kuma Allah ya ba ta ido, ba na tsaga kaɗai ba. Mace za ta zauna ta cire ɗankwali, Jumai ta bubbuɗa gashin ta ce, "Ke, wannan kan na mai juna biyu ne." Yarinya ta yi ta rantsuwa, bayan 'yan watanni sai ga ciki ya fito. Ta ce da wata, "Ba kya barci. Me yake yi miki a gidan?" Sai kawai matar ta fashe da kuka. Wata kuma ta ce mata, "Maza ki je asibiti, ba ki da jini, dubi fatar kanki fari fat." Duk cikin zagi take faɗa, amma ba wadda ta taɓa tashi daga gabanta ba ta ji sanyi a ranta ba.

To, shekaru suka ja. Ni na fara lura, don ni ce ba na fashi. Wata rana na dawo gida na ɗaga madubi, sai na ga tsagar ta taso daidai daga goshi, da ta kai tsakiyar kai sai ta yi kwana ta nufi kunne. Na ce ƙila ni na motsa. Zuwa na gaba abin ya ci uban na da. Kitson yana nan da ƙarfinsa, don hannunta bai mutu ba, amma wani layin ƙato, wani siriri, wani ya hau kan ɗan uwansa. Malam Mato, mai gidana, ya dube ni da safe ya ce, "Ramlatu, wannan burtalin shanu ne aka fitar miki a ka?" Na ce in ya sake magana a bakin tuwon darensa. Ya kama bakinsa, amma kafaɗunsa sai rawa suke yi.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Muka haɗu a gidan suna, Asma'u maƙwabciyar Jumai ta ja ni gefe ta ɗaga bakin ɗankwalinta ta nuna min. Na ɗaga nawa na nuna mata. Muka dubi juna, dariya ta zo mana, hawaye kuma ya riga ta fitowa. Idon Jumai na kusa ya tafi, ita kuwa ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta ƙi yarda.

Asma'u ce ta yi ƙarfin halin gwada ta. Tana zaune a gabanta ta ce, "Yaya Jumai, ni kuwa kwanan nan ko zare ba na iya zurawa a allura. Ke ba kya jin haka?" Tabɗi! Jumai ta saki gashin ta ce, "Makanta kike yi min fata? Ni da nake hango kwarkwata a kan yarinya tun daga bakin zaure? Idona ƙalau, bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Ta yi ta yi kamar ta ari baki. Daga ranar ba wadda ta sake ɗaga zancen.

Ba taro muka yi ba, ba mu yi shawara ba, kawai dai kowa ta yi gum. 'Yan mata suka fara zamewa suna zuwa wurin wata yarinya da ta buɗe shago a bakin kasuwa. Mu kuwa manya muka ci gaba da zuwa. A yi mana, ta miƙo madubi ta ce, "Ya kika gani?" mu ce, "Kai, Jumai, sai ke!" mu ɗaura ɗankwali tamau. Allah kuma ya taimake mu, lokacin an ƙaddamar da Shari'a, hijabi ya cika gari, kan mace ba ya ganin rana sai a ɗakinta. Asirinmu ya rufu ruf. Mazajenmu ne kawai suka sani, su kuma mun san yadda muka yi da su. Ni dai har gobe ban ga laifinmu ba.

Ana haka guguwar zaɓe ta taso. Wani mai neman kujerar majalisa ya kawo likitocin ido, aka kafa rumfa a filin makaranta, aka yi shela a zo a duba kowa kyauta. Jumai ta je ne don an ce za a raba atamfa. Ba a raba ko ƙyalle ba. Aka dai haska mata ido, aka miƙo mata tabarau mai baƙin kewaye, aka ce na aikin kusa ne. A gabana ta ce da likitan, "Ɗan nan, ni ba abin da ya sami idona. Amma ba a mayar da kyauta." Ta ƙulle shi a bakin zane, ko a hanci ba ta ɗora ba. Da muka dawo ta jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin madara.

Shitu tela ne ya fara aro. Ranar rabon yana ƙauye wurin jana'iza, bai samu ba. Ya aiko matarsa, aka ba shi, ya ɗora, sai ga kafar allura ta buɗe masa tangaran. Har gida ya zo godiya. Shi ke nan fa, labari ya bazu cewa tabarau ɗin Jumai ya fi na kowa kyau, wai don sabo ne dal, mai shi ba ta taɓa cinye masa ƙarfi ba. Har waɗanda suka karɓi nasu sai su ajiye su aiko a ba su na Jumai.

Abin da tabarau ɗin nan ya gani a Rano, Allah kaɗai ya sani. Malam Ramalan ladan ya yi tilawa da shi cikin azumi, ya ce ashe wasullan suna nan, shi ne ya daina ganinsu. Mai tuwon bakin tasha ta tsince tsakuwar shinkafa da shi. An cire wa wani manomi sartse a tafin ƙafa da shi. Wata tsohuwa ta karɓa don ta kalli hoton jikanta da aka aiko daga Legas, ta dawo da shi tana ta mita wai yaron kunnen dangin uwarsa ya ɗauko. Ranar jefa ƙuri'a kuwa a layin mata hannu-hannu ya riƙa yi, don alamomin jam'iyyun sun yi ƙanana a takarda, kowa na tsoron kada ta dangwala wa wanda ba nata ba. Ƙafarsa ɗaya ta karye, Shitu ya ɗaure ta da baƙin zare. Jumai kuwa daɗi kamar ya kashe ta. In an zo aro sai ta ɗaga murya don na kan tabarma su ji: "Ɗauki, ɗauki, Allah ya ba ku lafiya. Ni da Allah ya bar min nawa, me zan yi da shi?" Mu kuma mu sunkuyar da karkatattun kawunanmu mu ce amin.

Da haka za mu yi ta tafiya, ba don auren Afra'u ba.

Afra'u jikata ce, 'yar ɗana, a ɗakina ta tashi. Ta gama sakandare ta samu wani malamin makaranta ɗan cikin birnin Kano, suka daidaita kansu, aka sa rana. Ku kun san matan birni. Ranar buɗar kai dangin ango za su kewaye amarya, a yaye mayafi, su ƙare mata kallo daga lalle har kitso, abin da suka gani kuma shi za a riƙa faɗa har ta yi jika. Ana saura kwanaki kaɗan yarinyar nan ta same ni a ɗaki ta durƙusa, ido ya yi ja.

"Kaka, don Allah kada a kai ni birni da kitson Gwaggo Jumai. Wallahi dariya za su yi min, su ce 'yar ƙauye."

Uwarta ta ce a lallaɓa a kai ta shagon bakin kasuwa, in ya so a ce wa Jumai dangin ango ne suka turo mai kitsonsu. Na ce, "A Rano? Kafin a gama layi ɗaya labari ya je mata." Jumai fa ita ta yi wa uwar Afra'u kitson amarci. Tun ranar da aka sa rana take faɗa wa duk wadda ta zauna a gabanta irin shukun da za ta yi wa jikar baiwarta, har sabon mai ta aika aka sayo mata. In amaryar gidana ta tsallake ta, to an yi shela ke nan a gari cewa Jumai ta ƙare, kuma ni na yi shelar. In kuwa na kai yarinyar a yadda ake, na jefa ta a bakin matan birni. Abinci ya ƙi shiga min. Mato ya ce, "To ba ga tabarau ba? Mai shi ta sa mana." Na harare shi don haushin shi ya riga ni tunowa.

Ana gobe kitso na je na ce da Jumai ta ara min, zan duba ɗinkin kayan amarya. Ta girgiza gwangwani, wayam. "Yana wurin Shitu." Na je shagon Shitu, ya ce ai Malam Ramalan ya aiko tuni. Na je gidan ladan, matarsa ta ce, "Ayya, da kin zo jiya. Ɗanmalam ƙanena ya zo daga Kibiya ya tafi da shi, wai suna da taron jam'iyya."

Na ce, "Ɗanmalam da ko sunansa ba ya iya karantawa?"

Ta ce, "Wai in da tabarau a kujerar gaba ake zaunar da mutum."

Oh ni Ramlatu! Da tsufana da ciwon gwiwata na ja hijabi na nufi tasha. Aka cusa mu a mota kamar buhunan gero, wata ta ɗora min kajinta a cinya, muka kama hanyar Kibiya, ina zagin Ɗanmalam a zuci tun daga Rano har muka sauka. Na same shi a ƙofar gida a kan benci, ya miƙe ƙafa ɗaya an naɗe ƙaurin da tsumma, ga tabarau a aljihun gaba ya leƙo.

Na ce, "Lafiya? Me ya same ka?"

Ya ce, "Hajiya, bari kawai. An fa zaunar da ni a gaba, har ruwan leda aka ba ni. Da aka tashi na ce bari in taho da shi a fuska mutane su gani. Sai na ga ƙasa ta taso min, na ɗaga ƙafa in taka, ashe kwata ce. Wannan abin na masu zama ne, ba na masu tafiya ba."

Na ce, "Allah ya ƙara!" na fizge abina. Har na juya na ji tausayinsa, na dawo na ce Allah ya sawwaƙe.

Washegari da hantsi gidan Jumai ya cika. An tsefe wa Afra'u kai an wanke, tana zaune a gefe kamar wadda za a yi wa allura. Jumai ta ci ɗamara, ta jera mataji da tsinke da sabon mai. Na matsa kusa da ita na fara lallami.

"Uwar Tsiya, ga tabarau ɗinki na karɓo. Ɗan sa mana mu gani, na ce zai yi miki kyau kamar wata Hajiyar birni."

"Jefa shi a gwangwani."

"Kamar fa ya tsage a Kibiya. Ɗora ki duba."

"In ya tsage masu aro ya dama. Afra'u, taso."

Yarinyar ta taso tana waiwayena. Ta zauna, Jumai ta matse ta da gwiwa, ta ɗaga tsinke. Na ga bakin tsinken ya sauka can gefe, nesa da tsakiyar goshi. Wallahi ban san lokacin da zuciya ta ɗebe ni ba. Na janye Afra'u, na fizge ɗankwalina na yar, na kafa wa Jumai tabarau a hanci da ƙarfin tsiya, na durƙusa na tura mata kaina a cinya.

"Duba! Duba aikinki, Jumai!"

Ina jira in ji ranƙwashi, ban ji ba. Sai na ji yatsanta ya sauka a goshina, ya bi tsagar a hankali, ya yi kwana inda ta yi kwana, ya tsaya a bayan kunnena.

"Wace 'yar koyo ce ta yi miki wannan ɓarnar?"

"Ke ce."

"Ƙarya kike, baiwar banza."

"Shekaranjiya, a nan, a kan tabarmar nan. Kika ba ni madubi na ce sai ke."

Ta ɗago kai ta dubi matan. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Asma'u, zo. Cire." Asma'u ta zo ta cire ta sunkuya. Ta kira ta gaba. Ɗaya bayan ɗaya matan nan suka riƙa zare ɗankwali suna durƙusawa a gabanta, manyan mata masu jikoki, kowacce da irin nata karkacen. Wata uwar ɗakinmu da ta fi mu shekaru, nata ya fi na kowa muni, har ta fara dariya ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye.

"Tun yaushe?" in ji Jumai.

Na ce, "Tun kafin a raba tabarau."

Ta ajiye tsinken a kan tabarma. Ta miƙe, ta ce, "Ku kai yarinyar nan wurin mai ido," ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ce shi ke nan, na kashe ta da hannuna. Afra'u ta fara kuka, matan suka zuba min ido. Na bi ta ɗakin. Tana zaune a bakin gado, tabarau ɗin yana fuskarta har yanzu, ta buɗe tafin hannunta tana kallo.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Kun mayar da ni abin tausayi. Kuna fita kuna yi min dariya."

"Dariya kam mun yi, ba zan ɓoye miki ba. Mato ma ya yi."

"To me ya hana ku tafiya shagon kasuwa? An ɗaure ku ne?"

"Yara sun tafi. Mu kuwa in mun je can wa zai zage mu? Yarinyar nan sai 'sannu Mama, sunkuya Mama.' Wa zai dubi kaina ya ce min ba na barci? Ke kin ɗauka don tsaga muke zuwa? Tsagarki ta daɗe da mutuwa, Jumai, ba wadda ta fasa zuwa."

Ta ce, "Munafukai." Amma muryar ta karye.

Na ce, "Mun ji, mu munafukai ne. Ke kuma mai taurin kan tsiya, kin ba duk garin nan ido kin hana kanki. Ga yarinya can tana jira, jibi za a kai ta birni. In kin ce a kai ta kasuwa, yanzu zan kai ta. Amma ki fito ki faɗa da bakinki, da abin nan a fuskarki, bayan kin gwada layi ɗaya. Ɗaya tak. In ya karkace ni da kaina zan ja ta mu tafi."

Na fito na bar ta. Muka zauna muna kallon ƙofar ɗakin. Har na fara tunanin in ce Afra'u ta ɗauko mayafinta, sai labule ya motsa. Jumai ta fito ba ta kalli kowa ba, ta zauna a kujerarta, ta gyara zaren da ya riƙe ƙafar tabarau a bayan kunne. Afra'u ba ta jira an kira ta ba, ta rarrafo ta shiga tsakanin gwiwoyinta.

Ta yi bisimilla ta ɗora tsinke a tsakiyar goshi, ta ja.

Duk muka miƙa wuya. Layin nan ya tafi sak, bai waiwayi kunne ba, bai waiwayi komai ba, har ƙeya. Asma'u ta rangaɗa guɗa tun ba a kama gashi ko ɗaya ba. Jumai ta ce, "Rufe mana baki, ana aiki." Daga nan hannu ya kama. Ba ta yi sauri irin na da ba, tana yi tana tura tabarau da bayan hannu in ya zamo, amma shukun da ya tashi a kan yarinyar nan rabon da in ga irinsa tun muna da sauran ƙuruciya. Layuka ƙanana, kansu ɗaya, sun hau sun haɗu a tsakiya. Da aka ba Afra'u madubi ta juya nan, ta juya can, sai ta kifa kai a gwiwar Jumai. Ita kuwa ta ture ta ta ce, "Tashi kada ki ɓata min aiki. Ki je ki nuna wa matan birnin, ki ce a Rano aka yi."

Ana cikin hayaniya sai ga 'yar aike daga gidan mai tuwo, wai a ba ta aron tabarau. Jumai ta dube ta ta saman gilashin ta ce, "Ki ce mai shi tana aiki." Matan suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki.

La'asar ta yi, aka watse aka tafi da amarya wurin lalle. Na ɗauki ɗankwalina zan ɗaura, ta ce, "Ina za ki da wannan abin kunyar a ka? Zauna." Na ce gobe ma rana ce, ta gaji. Ta ce ba ta tambaye ni ba. Na zauna, ta fara tsefe min, tana yi tana tsaki, layi bayan layi. Da ta gama ta sa mataji ta baje gashin, sai na ji hannunta ya tsaya.

"Ramlatu."

Rabon da ta kira ni da sunana har na manta. Na ce, "Na'am."

"Yaushe furfura ta cinye miki kai haka?"

Na ce, "A hannunki ta fito."

Ta daɗe tana shafa gashin. Can ta ce, "Ni fa har yau baƙi nake kitsa miki." Ta ja numfashi, ta gyara zama. "To, sunkuya."

Na sunkuya. Tsinke ya sauka a goshina, ya tafi sak. Kafin ya kai ƙeya na ji wani abu mai ɗumi ya ɗiga a kan tsagar. Ban ɗago ba, ita ma ba ta tsaya ba.